Kama da Wane Ba ta Wane: Gyaran Hoton Mamaci da Haƙƙin Fuska

A gidaje masu yawa na Maraɗi da Damagaram da Tawa, abin da ya rage na kamannin wani tsoho da ya kwanta dama bai wuce hoto guda ɗaya ba. Sau da yawa ƙaramin hoto ne da aka ciro daga tsohuwar takardar shaidar ɗan ƙasa, ko kuwa hoton taron biki inda mutumin yake tsaye can baya, fuskarsa ba ta fi ƙwayar gujiya girma ba. Hoton ya yi dishi-dishi tun ranar da aka ɗauke shi, zafin adaka da daɗewa kuma suka ƙara masa koɗewa. A da, iyali sukan haƙura da shi a hakan, su ce da babu gara ba daɗi. Yau kuwa jika yakan ɗauki hoton da salularsa, ya miƙa shi ga wata manhaja, kafin a ɗaura rawani sai ga fuska ta fito tar, ana ganin gashin gira da ƙyallin ido. A buga ta babba, a sa mata gilashi, a rataya a zaure.

Tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce: fuskar wa aka rataya? In ta mamacin ce, an yi aikin alheri, an mayar wa iyali abin da rashin sa'ar mai ɗaukar hoto ya hana su. In kuwa ta wani ce dabam, an ɗora wa bawan Allah kamannin da bai taɓa ɗauka ba, a lokacin da ba shi da bakin cewa a'a. Ba za a iya yanke hukunci ba sai an san abin da na'urar take yi, domin kalmar “gyara” ta haɗa ayyuka uku waɗanda nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Ayyuka uku, suna ɗaya

Idan idon kyamara bai saitu daidai a kan fuska ba, hasken da ya taso daga kowane ɗigo na fuskar ba ya sauka wuri ɗaya. Yakan baje ya zama ɗan da'ira, ya hau kan na maƙwabtansa, kamar ɗigon tawada da ya faɗa kan jiƙaƙƙiyar takarda. Dishi-dishi ke nan. Manyan siffofi, irin su faɗin goshi da tsawon fuska, sukan tsira. Ƙanana kuwa, irin su tsaga da gashin ido da layin leɓe, sukan narke cikin juna.

Aiki na farko shi ne kaifafa gefuna. Dabara ce da masu wankin hoto suka sani tun kafin zuwan kwamfuta, daga baya ta shiga manhajoji irin su Photoshop, wadda ta fito kasuwa a 1990, da GIMP wadda ake samu kyauta. Abin da take yi kaɗan ne: duk inda haske ya yi iyaka da duhu, sai ta ƙara wa mai haske haske, ta ƙara wa mai duhu duhu. Ido ya ga kamar hoton ya washe, alhali ba a ƙara masa wani bayani ba. In an zarce da ita, sai wani farin zobe ya kewaye kai da kafaɗu, kowa ya gane an taɓa hoton. Laifinta ba ya ɓuya.

Aiki na biyu shi ne warware bajewar hasken ta hanyar lissafi. In an san yadda ɗigo ɗaya ya baje, ana iya bin sawu a tattaro wani ɓangare na hasken a mayar da shi mazauninsa. Masana biyu, Richardson a 1972 da Lucy a 1974, sun tsara wata hanya ta yin haka wadda har yau ake amfani da ita. Ta yi rana lokacin da aka harba madubin hangen taurari na Hubble a 1990, aka tarar an yi kuskure wajen goge madubinsa, hotunansa suna fitowa dusu-dusu. Da irin wannan lissafi aka riƙa rage aibin har zuwa Disamba 1993, sa'ad da ƴan sama jannati suka je suka sa masa kayan gyara. Tafiyar tasu ma hujja ce: da lissafi yana iya mayar da komai, da ba a yi wahalar zuwa ba. Wannan aiki yana fito da abin da ke cikin hoton ne, kuma yana da iyakar da ba ya wucewa.

Aiki na uku shi ne wanda ya yaɗu a ƴan shekarun nan ta hanyar ƙirƙirarriyar basira, a manhajoji irin su Remini. An nuna wa na'ura dubban dubatar fuskokin mutane har ta koyi yadda ido da hanci da fata suka saba kasancewa. In aka ba ta hoto mai dishi-dishi, sai ta zana wata fuska mai kaifi wadda, in an dusashe ta, za ta yi kama da wanda aka ba ta. Matsalar ita ce fuskoki masu ɗimbin yawa suna iya dusashewa su ba da dishi-dishi iri ɗaya. Na'urar tana zaɓen ɗaya daga cikinsu, wadda ta fi dacewa da abin da ta saba gani.

Lissafin a fili yake. A 2020 masu bincike a jami'ar Duke ta Amurka sun fito da wata hanya mai suna PULSE, wadda ke ɗaukar hoto mai ɗigo 16 a tsaye da 16 a kwance, wato ɗigo 256, ta mayar da shi mai 1024 a kowane gefe, wato ɗigo 1,048,576. Ke nan a madadin kowane ɗigo ɗaya na asali an sami 4,096. A watan Yuni na shekarar, wani ya ba ta dusasshen hoton Barack Obama, wanda kowa ke iya gane shi duk da dusashewar, sai ta fito da fuskar wani Bature. Su kansu masu binciken sun yi gargaɗi cewa hanyar ba ta gano ainihin mutumin da ke cikin hoto. Fuska mai yiwuwa take samarwa.

Hujjar masu gyara

Masu goyon bayan wannan aiki suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Ta farko: dishi-dishin ma ai ba gaskiya ba ne. Mamacin bai yi yawo a duniya da narkakkiyar fuska ba. Kuskuren kyamara ne ya dusashe shi, don me za a girmama kuskure kamar wani abin gado?

Ta biyu: hoton sitidiyo bai taɓa zama shaida tsirara ba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe sitidiyonsa a Bamako a 1948, yakan ajiye tufafi da agogo da rediyo da alƙalami, har da babur, domin mai son hoto ya ara ya fito yadda yake so a gan shi. Malick Sidibé a Bamako da Philippe Koudjina a Yamai sun ɗauki matasan shekarun 1960 da 1970 cikin adon da suka zaɓa don ranar. Masu sitidiyo a ko'ina sun san shafa fensir a kan fim don ɓoye ƙurji ko tabo. In an yarda da wancan ado, me ya sa za a ƙi wannan?

Ta uku ita ce mafi nauyi, domin ta shafi zuciya. A ɗauki misalin tsohuwar da mijinta ya rasu shekaru talatin da suka wuce. An kawo mata gyararren hoto, ta dube shi ta yi hawaye, ta ce shi ne. Wane ne zai tsaya gabanta da lissafin ɗigo ya ce ba shi ba ne? Ita ta zauna da shi, ita ta san shi. In hoton ya sanyaya mata rai, wa aka cuta?

Inda hujjojin suka tsaya

Hujja ta farko gaskiya ce, amma rabinta. Dusasshen hoto bai nuna mutumin yadda yake ba, sai dai yana faɗin iyakar abin da ya sani. Mai kallo yana gani da idonsa cewa nan bayani ya ƙare. Gyararren hoto kuwa yana nuna abin da aka sani da abin da aka zata da kaifi iri ɗaya, ba a iya rabe su. Shaidu biyu ne a gaban alƙali: ɗaya ya ce duhu ya hana shi ganin fuskar sosai, ɗaya ya cike giɓin da zato ya yi rantsuwa a kai. Na biyun ya fi daɗin saurare, na farkon ya fi amana. Hotunan da Robert Capa ya ɗauka a gaɓar Normandi ranar 6 ga Yuni 1944 sun fito a girgize, ba a ganin fuskokin sojojin sosai, amma girgizar tana cikin abin da suke ba da shaida a kai: mai kyamarar yana cikin ruwa, ana harbi.

Hujja ta biyu ta manta da abu ɗaya, wato yarda. Wanda ya shiga sitidiyon Keïta shi ya zaɓi agogon, shi ya gyara zaman hularsa, ya karɓi hoton ya duba, in bai gamsu ba yana da bakin magana. Adon nasa ne ko da na aro ne, fuskar kuma tasa ce. Mamaci bai zaɓi hancin da na'ura ta ba shi ba. An ga iyakar wannan a Afrilu 2021, lokacin da mujallar Vice ta buga hotunan fursunonin gidan yarin Tuol Sleng na Kambodiya, tsohuwar makarantar da gwamnatin Khmer Rouge ta mayar wurin azabtarwa tsakanin 1975 da 1979. Wani mai gyaran hoto ɗan ƙasar Ailan ya sa musu launi, aka kuma gano cewa a wasu an ƙara murmushin da babu shi a hotunan asali. Mutanen da aka ɗauka kafin a kashe su, aka sa su murmushi. Hukumomin Kambodiya da dangin mamatan suka nuna ɓacin rai, mujallar ta janye hotunan. Wannan misali ya kai maƙura, amma ƙa'idar da ya tona ta shafi ƙaramin hoton zaure ma: labarin zuciya a tambayi fuska, wanda ya sauya fuska ya sauya labarin.

Hujja ta uku ba a amsa ta da gaggawa. Hawayen tsohuwar na gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ƙwace mata hoton. Sai dai akwai abubuwa biyu. Na ɗaya, tunawa ba dutse ba ce. Wanda ya daɗe yana kallon hoto, a hankali hoton yakan zauna a gurbin abin da ya tuna, har ya kasa rabe wanda ya gani da ido da wanda ya gani a bango. Na biyu, tsohuwar ba ita kaɗai za ta kalli hoton ba. Ita tana da ma'auni a zuciyarta, tana iya cewa kunnen bai yi ba, ko idon ya fi haka ƙanƙanta. Jikokin da ba su taɓa ganinsa ba ba su da wannan ma'auni. Ranar da ta bi mijinta, hoton bango ya zama shi ne kakan, ba mai musu. Za a riƙa cewa wane ya ɗauko hancin kaka, alhali hancin na'ura ne.

Fuskar da na'ura ta saba gani

Akwai wani ɓangare na matsalar da ya shafi ƙasashen Afirka musamman. Na'ura tana cike giɓi da abin da ta fi gani, kuma tarin hotunan da aka horar da yawancin waɗannan na'urori an kwaso su ne daga intanet, inda fuskokin Turawa suka fi yawa. Binciken da Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka wallafa a 2018 ya nuna cewa wasu manhajojin kasuwa masu tantance namiji da mace daga fuska suna kuskure har kashi 34.7 cikin ɗari a kan mata masu duhun fata, alhali kuskurensu a kan maza masu hasken fata bai wuce kashi 0.8 ba. An sami ci gaba tun daga lokacin, amma tushen abin bai sauya ba: na'ura tana jan kowace fuska zuwa ga abin da ta ɗauka shi ne daidai.

A fuskar tsofaffin ƙasar Hausa kuwa akwai rubutu. Tsagar Bagobiri da ta Ba'are da ta Bakatsine suna faɗin asalin mutum kafin ya buɗe baki, a kansu ake wasan barkwanci tsakanin dangi, da su ake gane baƙo a kasuwa. Al'adar tana ja da baya, yara kaɗan ake yi wa yanzu, saboda haka tsofaffin hotuna suna cikin wuraren da za ta saura. A dusasshen hoto, tsaga ba ta wuce inuwa mai rauni a kumatu ba. Manhajar da aka koya wa share ƙarce da tabo tana iya ɗaukar ta a matsayin lalacewar takarda ta goge ta, ko ta mayar da ita tamojin tsufa. Haka wushirya, haka shasshawa, haka naɗin rawanin da ke bambanta malami da basarake. Sai a sami kaka mai santsin fuska, kyakkyawa, wanda ba ɗan ko'ina ba ne. Garin neman gira an rasa ido.

Jama'a kuma suna da ƙishin fuska, ba sa son gurbi ya zauna wofi. Sarauniya Mangu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a Lugu a 1899, ba a san wani hoto nata ba. Amma tun da Med Hondo ya yi fim a kanta a 1986, bisa littafin Abdoulaye Mamani, fuskar ƴar wasan da ta fito a matsayinta, Aï Keïta, ita ce ke zuwa wa mutane da yawa a rai in an ambaci sunan. A nan aƙalla an san fim ne, an san sunan mai wasan. Fuskar da na'ura ta zana ba ta da suna, ba ta kuma zuwa da sanarwa.

Kotuna sun fara lura da haka. A Maris 2024 wani alƙali a jihar Washington ta Amurka ya ƙi karɓar wani bidiyon salula da aka kaifafa da ƙirƙirarriyar basira a shari'ar kisan mutum uku, bisa dalilin cewa hanyar tana nuna abin da na'urar ta ga ya kamata a gani, kuma ba a iya bin diddigin yadda ta kai ga hakan. In kotu ta ƙi irin wannan hoto don kada a zalunci rayayye, ya dace a yi tunani kafin a karɓe shi a matsayin tarihin mamaci.

Darasin mai kwafar littafi

Wannan matsala ba sabuwa ba ce ga mutanen da suka gaji rubutun hannu. A sashen littattafan Larabci da na ajami na cibiyar IRSH da ke Yamai akwai dubban rubuce-rubuce da aka kwafa hannu da hannu. Mai kwafa yakan tarar da wurin da gara ta ci ko ruwa ya wanke. Ƙa'idar malamai ta amana ita ce ya bar wurin fari ya nuna cewa haka ya tarar, ko kuwa in yana da zato ya rubuta shi a gefe tare da alamar cewa zato ne. Wanda ya cusa zatonsa cikin matani ba tare da alama ba ya ci amanar marubuci da mai karatu gaba ɗaya, ko da zaton nasa ya yi daidai. Masu gyaran tsofaffin gine-gine ma sun kai ga irin wannan matsayi: yarjejeniyar Banis ta 1964 ta tanadi cewa gyara ya tsaya inda zato ya fara, kuma abin da aka ƙara ya kasance ana iya bambanta shi da na asali.

Daga nan ana iya fitar da hukunci mai sauƙi. Kaifafa gefuna da warware bajewar haske, muddin ba a zarce ba, gyara ne na halal, domin suna aiki da abin da hasken ranar ya bari. Fuskar da na'ura ta cike kuwa zane ce. Zane ba laifi ba ne. Iyali suna da damar su sa a zana musu kakansu, kamar yadda za su iya kai dusasshen hoton wurin mai fenti su ce ya gwada. Laifin yana farawa ne daga lokacin da aka kira zanen hoto, aka jefar da na asali, aka bar na baya cikin duhu.

Saboda haka akwai abin da ya rataya a wuyan malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu, tun da su ne ke shirya nune-nune, suna buga kalanda da ƙananan littattafan tarihin gari, suna rataya hotunan sarakuna da makaɗa da tsofaffin malamai a azuzuwa. Kada a yar da hoton asali, kada kuma a yi gyara a kansa, a yi a kan kwafi. Duk inda aka nuna gyararre, a nuna na asali kusa da shi ko da ƙarami ne, a rubuta a ƙasa cewa na'ura ce ta cike shi, da shekarar da aka yi. Kafin a buga, a kai wa tsofaffin da suka san mutumin, a tambaye su abin da ya yi daidai da abin da ya kauce, a rubuta amsarsu a ajiye tare da hoton. Wannan rubutu, wanda zai ce yana da tsaga kaza, yana da wushirya, idonsa na hagu ya ɗan lumshe, ya fi duk abin da manhaja za ta zata daraja, kuma lokacin samunsa yana ƙurewa da mutuwar kowane tsoho. A aji kuma, darasi ɗaya ya isa: malami ya dusashe hoton wani da yara suka sani, ya ba manhaja ta gyara, ya bar su su kwatanta da idonsu.

Sauran abin yana ga iyali. Babu dokar da za ta hana jika son ganin idon kakansa, kuma son nan abin girmamawa ne. Abin da ake roƙo gare shi kaɗan ne: in ya rataya babban hoton mai gilashi, ya soke ƙaramin nan mai dishi-dishi a kusurwar firam ɗin, ya gaya wa ƴaƴansa wanne ne hasken rana ya ɗauka daga fuskar kakansu, wanne ne kuma aka zata. Hausawa sun riga sun faɗa, kama da wane ba ta wane.